Sawun Bizar Mudassira

Ihun Zuleha matar Wadud ne ya tayar da Unguwar Malam a Salaga ranar Juma'a da hantsi. Kafin masu koko su kwashe tukwanensu labari ya kai tasha: an sace fasfon Wadud tela da na 'yarsa Mudassira, da biza a ciki, ga jirgi ranar Talata.

Babu wanda bai san Mudassira ba a unguwar. Yarinya ce 'yar shekara shida da aka haifa da huda a zuciya, in ta taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai leɓɓanta su yi shuɗi. Likitocin Tamale suka tura ta Akra, na Akra suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, har wata ƙungiyar agaji ta samo mata gado a wani asibiti a Jamus. Jiya-jiya, ranar Alhamis, aka tara malamai da dangi aka yi addu'ar tafiya, aka ci tuwo aka watse ana murna.

Da Baba Hudu Mai-Sawu ya iso, gidan ya cika har bakin titi. Dattijo ne siriri mai furfura, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata daga Salaga har Chereponi da Bawku. Bai taɓa riƙe fasfo ba a rayuwarsa. Samari kuwa sun riga sun yanke hukunci, har sun ɗauko sanduna.

"Mutaru ne! Ɗan konekshan ɗin nan! Mun je shagonsa a kulle, ya gudu!"

Mutaru shi ne mai yi wa mutane alkawarin biza ta bayan gida. Ya so ya karɓi aikin tafiyar Mudassira, Na'imatu yayar Wadud, wadda malamar makaranta ce, ta kore shi a gaban jama'a.

Hudu ya nemi a ba shi hanya, ya shiga ɗakin Zuleha. Akwatin ƙarfen a buɗe yake, ba a fasa kwaɗo ba. 'Yan kunnenta na zinariya suna nan a kan atamfofi.

"Ina kike ajiye makulli, 'yata?"

"Ƙarƙashin filo, Baba," in ji Zuleha, muryarta a dishe. "Duk dangi sun sani. Jiya ma sau nawa na buɗe ina nuna wa baƙi."

Ya zagaya bayan ɗakin ya tsuguna. Ƙarƙashin taga akwai sawun silifas, diddigen hagu ya cinye. Ya daɗe yana kallo. Yatsun sun nutse a ƙasa fiye da dugadugan. Ya shafa ƙarafan tagar, yanar gizo na nan ba wanda ya taɓa ta.

"Sawun Mutaru ne," in ji wani saurayi. "Haka yake jan ƙafa."

"Nasa ne," Hudu ya amsa. "Amma mai wannan sawun ɗage ya yi yana leƙe. Bai shiga ba."

Ba su so jin haka ba.

* * *

A zaure Hudu ya zaunar da Wadud da Na'imatu. Wadud dogo ne, mai faɗin kafaɗa da dogon hancin gidansu, da 'yar gajeriyar tsaga a kumatun hagu da kakarsa ta sa aka yi masa yana jariri. Ya haɗa kai da gwiwa.

"Me ya hana ku zuwa wurin 'yan sanda?"

"Baba, da zarar an shigar da cewa an sace fasfo, sai a soke shi," in ji Na'imatu. "Ko an gan shi daga baya ya zama takardar ƙunshe gyaɗa. Sai mun sake sabo, mu sake neman biza daga tushe. Likitoci sun ce zuciyarta ba za ta jira ba."

"To, Malama, koya mini. Ba na bin dabbar da ban san kamanninta ba. Mece ce bizar nan?"

Ta share ido, ta gyara zama kamar tana gaban aji. "Fasfo ƙasarka ce ke ba ka, tana cewa wannan ɗanmu ne, ga sunansa ga fuskarsa. Biza kuwa ƙasar da za ka ce ke manna ta a cikin fasfon, tana cewa mun yarda ka zo, don abu kaza, zuwa lokaci kaza."

"Saye ake yi?"

"Akwai kuɗin nema, amma ba ya sayen amsa. Sai ka gamsar da su. Mun kai wasiƙar asibitin da ya gayyace ta, da shaidar wanda zai ɗauki nauyi, da inshorar lafiya. Sannan abin da ya fi damunsu, shin za ka dawo? Wadud ya nuna musu yana da shago da mata da yara biyu a gida. Ya je Akra da ƙafarsa, suka yi masa tambayoyi, suka ɗauki hoton yatsunsa goma. Ba mu yi ƙarya ko ta ƙwayar gero ba, suka ba su ta wata uku."

"In na ɓalle ta na manna a nawa fa?"

"Ba ta ɓalluwa. Kuma sunansa da hotonsa da lambar fasfonsa duk suna jikinta."

Hudu ya shafa gemu. Ɓarawon da ya bar zinariya ya ɗauki abin da ba ya sayuwa, ko dai wawa ne, ko kuwa yana da wata dabara.

"Su wa suka kwana a gidan nan?"

Wadud ya ɗago. "Goggonmu Mma Asiatu daga Bawku, da 'ya'yanta Ayyub da Nashiru. Sun kama hanya bayan asuba. Amma Baba, Ayyub ne ma ya kawo ragon da aka yanka."

"Ban ce komai ba. Ina uwar Mutaru take?"

"Yendi."

"To ku shirya. Mai tsoro wurin uwarsa yake gudu."

* * *

Washegari suka same shi a Yendi, bayan kasuwar doya, a ɗakin girkin uwarsa, ya lulluɓa da zane kamar mai jego. Yana ganin Wadud ya miƙe zumbur.

"Wallahi Baba Hudu, ban taɓa ba! Na ji suna kiran sunana da sanda ne na gudu."

"Na san ba ka shiga ba. Me ka je yi bakin taga?"

Mutaru ya sunkuyar da kai. Hausarsa ta zango ce, ba ta raba mace da namiji. "Malama ya hana ni shiga. Ni kuma so nake in ga biza na gaskiya, in ɗauka a waya in nuna ma kwastomomina. Na ce ko Zuleha zai buɗe akwati."

"Me ka gani?"

Ya saci kallon Wadud. "In faɗa?"

"Faɗi."

"Shi na gani. Wadud da kansa. Dab da magariba ya shigo, ya ɗaga filo, ya buɗe akwati, ya sa jakan fasfo a aljihun riga."

Wadud ya yi kukan kura zai shaƙe shi, Hudu ya tokare shi da sanda. Wani abu mara daɗi ya ratsa zuciyar dattijon, don ya sha ganin makiyayin da ya sayar da saniyarsa sannan ya fi kowa ihun sata. Ya juya ga Na'imatu.

"Ƙarya ne," ta ce. "Tun la'asar har aka kira magariba Wadud na zaure, Mudassira a cinyarsa, malamai na yi mata tofi. Liman na gefensa. A tambaye shi."

"Na rantse da Alƙur'ani shi ne!" in ji Mutaru. "Tsayin nan, kafaɗan nan, hancin nan."

"Wane ɓangaren fuskar ka gani?"

"Gefe. Ɗakin da duhu-duhu."

Hudu ya dubi Mutaru, ya dubi Na'imatu. Duka biyun gaskiya suke faɗa, ya ji hakan a muryoyinsu. Ya dubi Wadud daga sama har ƙasa kamar mai taya sa a kasuwa.

"Mutaru, kai ka san harkar. Fasfon wani, wa zai yi wa amfani?"

"Ba kowa, Baba. Sai dai mai kama da shi. Akwai masu gwadawa."

Na'imatu ta dafe ƙirji. "Nashiru."

Ta ce kowa ya san Nashiru. Ɗan acaɓa ne tsakanin Bawku da iyakar Kulungugu, ya taɓa kaiwa Agadas zai tsallaka sahara aka dawo da shi, bakinsa ba ya rabuwa da zancen Turai. Kuma in ya juya baya, ko ita sai ta kira shi Wadud.

"Ayyub fa?"

"Su ukun kamar an tsaga kara. Amma Ayyub yana da shanu, yana da gida da iyali. Me zai nema?"

Mutaru ya buɗe baki, ya sake rufewa. Hudu ya gani, ya ƙyale shi.

"Ku jira ni a nan," ya ce.

Yana tafe yana tambayar kansa: in ni nake son zama Wadud, ina da tsayinsa da hancinsa, me ya rage mini? Ta Yendi baƙin Bawku suka bi, kuma lokacin sallar Juma'a a nan ya riske su. Ya bi rumfunan wanzamai ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi masa dariya, na biyu ya ce shi kaciya kawai yake yi. Sai can bayan babban masallaci ya sami wani tsoho yana wasa aska a tafin hannu.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Jiya bayan an sauko daga Juma'a. Ƙato da gemunsa, wai in yi masa tsaga, in cusa gawayi don ta yi baƙi kamar tsohuwa. Na ce ɗana, wannan aikin jarirai ne. Ya ce magani ne aka ba shi. Ya ciro wani ɗan littafi ya rufe rubutun da hannu, ya nuna mini hoto, ya ɗora yatsa a kumatunsa ya ce daidai nan."

"Ya faɗi suna?"

"Bai faɗa ba. Amma hoton, na ɗauka nasa ne."

Hudu ya ji irin daɗin da yakan ji in ya tsinci kashin shanu mai ɗumi bayan doguwar tafiya. Ɓarawon ba ya sauri. Yana da wata uku, zai zauna a gida ya jira ciwo ya warke.

* * *

Ranar Lahadi suka gangara dutsen Nakpanduri, suka shiga Bawku bayan azahar, Mutaru a matse tsakanin Wadud da ƙofar mota. Mma Asiatu, babbar dillaliyar hatsi, tana tsakar gida a kan kujera, buhunan gero jibge a bayanta. Labarin satar ya riga ya zo mata ta waya, idanunta sun kumbura.

"Hajiya, a kira mini 'ya'yanki duka biyu," in ji Hudu bayan gaisuwa.

Nashiru ya shigo da hular kwano a hannu, yana huci. "Na sani! Komai ya ɓace a dangin nan, Nashiru. Ku bincike ɗakina!"

Fuskarsa sumul, ba ko ƙwarzane. Na'imatu ta dubi Hudu a rikice.

Ayyub ya biyo baya a natse, da farar riga, ya naɗe kai da haɓa da rawani har zuwa ƙarƙashin ido. Ya gaida kowa da ladabi, ya yi wa Wadud jaje.

"Haƙori ke damunsa tun a hanya," in ji Mma Asiatu. "Ko tuwo a ɗaki yake ci."

"Allah ya sauwaƙe," in ji Hudu. Ya zauna a tabarma, ya ajiye sandarsa. "Hajiya, mutum huɗu ake zargi. Mutaru, don an ga sawunsa. Wadud, don an ce an gan shi da ido. Nashiru, don halinsa. Ayyub, don ya kwana a gidan. Ni ba alƙali ba ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kowa ya dafa Alƙur'ani ya ce bai ɗauka ba, mu juya mu tafi."

"A kawo!" in ji Nashiru.

"Ba a dafa shi sai da alwala," in ji Hudu. "A kawo butoci, a yi a nan gabanmu."

Aka jera butoci huɗu. Mutaru ya tsuguna, Wadud ya tsuguna, Nashiru har yana fantsama wa mutane ruwa. Ayyub ya wanke hannu, ya kurkure baki ta ƙarƙashin rawani, ya shaƙa ruwa. Da aka zo wanke fuska sai ya tsaya.

"Ina da alwala," ya ce.

"Sabunta ta, ɗana."

"Ruwan sanyi na tayar mini da haƙorin."

"A ɗumama masa," in ji Hudu.

Mma Asiatu ta dubi ɗanta, ta dubi Hudu, ta sake duban ɗanta. Ta tashi da kyar, ta taka har gabansa, ta kama bakin rawanin ta warware da hannunta.

Ga ta nan a kumatu, ɗanyar tsaga, ta kumbura, baƙin gawayi a cikinta.

"Wanzamin bayan masallacin Yendi yana gaishe ka," in ji Hudu.

Uwar ta ɗauke Ayyub da mari, ƙarar har awaki suka firgita. "Ɗauko!" in ji Mma Asiatu. "Ɗauko kafin in tsine maka!"

Ayyub ya sa hannu cikin rigarsa, ya kwance wata jaka da ya ɗaure a ƙugu. Na'imatu ta fizge, ta buɗe, ta duba shafi-shafi. Duka biyun lafiya lau, ba a taɓa komai ba. Ta durƙusa a ƙasa ta yi sujada, fasfunan a ƙirjinta. Matan gidan da ke leƙe ta ƙofofi suka ɓarke da guɗa.

Wadud bai yi murna ba tukuna. Ya tsaya gaban ɗan goggonsa. "Yaya Ayyub, kai ka ɗauke ta a kafaɗa ranar Alhamis. Ka ji yadda take numfashi."

"Na yi niyyar aiko da nata," in ji Ayyub, hawaye na bin sabuwar tsagar. "Wallahi na yi niyya. Na ɗauka wani zai iya raka ta."

"Wa?" in ji Na'imatu. "Da wace bizar?"

Sai Mutaru ya yi gyaran murya. "Mma, gara in faɗa. Sau uku Ayyub ya nemi biza ta hannuna, bai so ka sani ba. Na haɗa masa takardun banki na ƙarya da gayyata na ƙarya. Suka gane, suka hana shi, suka sa sunansa a kwamfuta."

Ayyub ya ce abokansa da suka tafi suna turo hotuna cikin dusar ƙanƙara, shi kuwa kullum cikin kashin shanu. Nufinsa in tsagar ta warke ya tsallaka ta Kulungugu, ya hau jirgi a Wagadugu inda ba a san shi ba.

Na'imatu ta girgiza kai. "Kai da ke da garke da gida da mata da 'ya'ya? Irinka suke nema, mai abin da zai dawo dominsa. Da ka je da gaskiyarka ka ce yawon buɗe ido za ka, mai yiwuwa da tuni ka je ka dawo. Kuma ko ka isa can, a kan na'ura za su ce ka ɗora yatsu. Yatsun Wadud ke cikinta. Su ma wanzami zai yanka maka?"

Nashiru, wanda tun ɗazu yake zagaya yayansa yana leƙen fuskarsa, ya tsaya cak. Ya jawo Wadud ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa.

"Jama'a, ku duba! Ta Wadud a hagu take. Yaya, taka a dama!"

Ayyub ya kalli hoto ne kamar madubi, ya nuna wa wanzami kumatun da ba shi ba. Nashiru ya faɗi kan buhun gero yana dariya har da shure-shure. Mutaru ya kama, matan ɗaki suka kama, har Wadud sai da ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

Mma Asiatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. "Hukuma ko gida, Wadud? Kai aka zalunta."

"Mma, ni jirgi nake so in samu."

"To ka samu." Ta juya ga Ayyub. "Ɗauko motarka. Kai za ka tuƙa su har Akra, ka ɗauki kayansu a ka har ƙofar filin jirgi. Kuma rawanin nan ya zauna a nan. Duk wanda ya tambaye ka me ya sami fuskarka, ka gaya masa." Ta nuna Mutaru da yatsa. "Kai kuma, in na sake jin ka buɗe shagon nan, da kaina zan zo Salaga."

Na'imatu ta kira Zuleha ta ce ta kawo yarinyar Tamale su haɗu. Ihun da ya fito daga wayar, sai da ta janye ta daga kunne.

* * *

Damina ta ja baya, an fara haƙar sabuwar doya. Hudu na kasuwar shanu ta Salaga yana duba kofaton wani bijimi sai ya ji hayaniya daga bakin titi, da ganguna, da hon na babura. Ya miƙe yana kare rana da hannu.

Wata yarinya ce cikin jar riga ta ɓalle daga cikin taron, ta nufo shi a guje. Tana tsallake igiyoyi, tana ratsa tsakanin shanu, Wadud na biye da ita yana haki yana kiran ta tsaya. Ba ta tsaya ba sai da ta yi karo da gwiwoyin dattijon.

Ya tsuguna ya riƙe kafaɗunta. Leɓɓanta jajaye, numfashinta daidai.

"Baba Hudu," in ji Mudassira, "na tsere wa Babana."

Dillalai suka bar ciniki suka kewaye su. Hudu ya ɗaga ta sama ya ɗora a wuya, ya bar sandarsa a ƙasa, ya shiga cikin masu ganga.